Darasi: Jan Farce na Araha da Ƙananan Takaicin Yini

Darasin yau ya haɗa karatu da lissafi da kula da lafiya, duk a kan 'yar kwalbar da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Kafin a fara, kowace ɗaliba ta faɗi abu ɗaya da ya ɓata mata rai daga asuba zuwa yanzu. Malama ta rubuta amsoshin a allo, ta bar su a nan har a tashi.

Abin da ke cin rai

Da wuya a ga babban abu a allon. Ba kullum ake rasuwa ba, ba kullum gobara ke tashi ba. Abin da za a gani shi ne irin su: an ɗauke wuta ana tsakiyar guga, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka, ashana ta sha danshi ta ƙi kamawa, gawayi ba wuta sai hayaƙi, an aiki yaro sayen daddawa ya tsaya kallon ƙwallo har miya ta ƙone. Wata ta tura kuɗi ta waya, an cire mata a asusu, mai shago ya rantse bai ga alat ba. Wata kuma mai adaidaita sahu ne ya ce ba shi da canji, ya ja babur ɗinsa da ragowar kuɗinta. Ga silifas da ya tsinke a bakin kasuwa, ga wankin da aka gama shanyawa hadari ya haɗo.

Ba wanda zai zo yi miki jaje a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ma kin faɗa, sai a ce, "Wannan har abin magana ne?" Shi ya sa ake haɗiye su. To amma abin da aka haɗiye sau goma a yini yana da nauyi, kuma masana sun auna nauyin. A 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Richard Lazarus da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, sun wallafa binciken da suka yi a kan manya 100 da suka bibiya wata da watanni. Kowane wata mutanen kan yi alama a kan ƙananan abubuwan da suka dame su, kamar ɓatan wani abu a gida, tsadar kaya da yawan hidima. Sakamakon ya nuna cewa yawan waɗannan ƙananan abubuwa ya fi nuna wanda zai shiga damuwa a kan manyan al'amuran da ke faɗa wa mutum jefi-jefi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babban rashi yana zuwa da 'yan gaisuwa da addu'a da masu taya kwana. Ƙaramin takaici shi kaɗai yake zuwa, kuma gobe ma zai dawo.

A Nijeriya shekarun nan sun ninka irin wannan takaicin. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na sayen barkono. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A rediyo waɗannan manyan labarai ne. A tsakar gida kuwa sun zama ƙullin man gyaɗa da ya ƙanƙance, da kashin tumatir da ya koma guda huɗu.

Ku sake duban allon. Kusan duk abin da aka rubuta yana da hali ɗaya: ba a hannun mai shi yake ba. Ba ke kike kawo wuta ba, ba ke kike yanke farashin jarka ba. Ki riƙe wannan a ranki yayin da muke karatun da ke tafe.

Karatu

A karanta da ƙarfi. Ɗaliba ɗaya ta zama yaya, ɗaya ƙanwa, ɗaya mai koli.

Da la'asar mai koli ya yi sallama a ƙofar gida. Ƙanwa ta leƙa zaure da mayafinta.

"Malam, sannu da rana. Akwai jan farce?"

"Akwai, Hajiya. Ga ja, ga ruwan hoda, ga mai ƙyalli. Wanne za a ba ki?"

"Miƙo jan in gani. A'a, wannan ya daskare. Ba ni na ƙasan."

Ta juya kwalbar, ta ga ruwan yana gudu. Ta taya, ya ce albarka, ta ƙara kaɗan, ya sallama. Da ta koma ciki yayarta tana tsince shinkafa.

"Ke kuwa, ana kukan kuɗin cefane kike sayen jan farce?"

"Yaya, canjin da na tara ne daga kuɗin kitso. Tun safe nake fama: ba ruwa, ba wuta, ga awarar da na soya rabi ta yi kwantai. Bari in ga abu ɗaya da ya yi yadda nake so."

"To sallah fa?"

"Ina hutu ai. Kafin in yi wanka zan goge shi tas."

Yaya ta yi shiru tana tsintar shinkafarta. Can ta ɗago.

"Mu ga launin. Kai, ya yi kyau kuwa. In kin gama ki ajiye min, sati mai zuwa."

Araha ba ta ado?

Haka karin magana ya ce, kuma a kan atamfa da takalmi yana da gaskiya. A kan jan farce kuwa sai an yi masa gyara. Daga nesa ba mai iya bambanta farcen da aka shafa wa na naira ɗari biyar da wanda aka shafa wa na dubu goma. Bambancin yana fitowa ne bayan kwana biyu ko uku, lokacin da na arahar ya fara ɓantarewa a baki. Ga macen da za ta goge shi cikin 'yan kwanaki ko yaya ake ciki, wannan bambancin bai kai a biya masa dubbai ba.

Mai rubuta wannan darasi yana bayan ƙanwar nan. Kuɗinta ne, ba ta taɓa na cefane ba, ba ta ci bashi ba. Kuma ku lura da abin da ta saya da gaske. Ta sayi minti ashirin da dole ta zauna, domin mai ɗanyen jan farce ba ta wanke-wanke, ba ta ɗaukar tsintsiya, ko yaro ya zo da rigima sai dai ta ce, "Je ka wurin yayarka, hannuna bai bushe ba." Ta sayi aikin da ta fara da kanta, ta gama da kanta, ta ga sakamakonsa nan take. A yinin da wuta da ruwa da ciniki duk suka ƙi ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hannu kuwa shi ne gaɓar da mace ta fi gani a jikinta. Fuska sai da madubi, amma hannu yana gabanta tana tuƙa tuwo, tana ƙirga canji, tana riƙe da fensir a wannan ajin.

Maza ma suna da nasu. Akwai goron bayan azahar, akwai shayin dare a teburin mai shayi, akwai kuɗin gidan kallon ƙwallo. Ba a cika jin an kira waɗannan almubazzaranci ba. In an yi adalci, ma'auni ɗaya ya kamata a ɗora su a kai: shin abin ya taɓa hakkin wani? Shin an ci bashi dominsa? In amsar a'a ce, a bar kowa da ɗan abin da ke sanyaya masa rai.

'Yan kasuwar duniya sun daɗe da gane wannan. A 1932, ana tsakiyar mummunan karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ya rasa aiki, wasu 'yan'uwa biyu, Charles Revson da Joseph Revson, suka haɗa kai da wani mai haɗa sinadarai, Charles Lachman, suka kafa kamfanin Revlon a birnin New York da jarin dala 300. Kayansu guda ɗaya ne tak a lokacin: jan farce. Matan da sabuwar riga ta gagare su sun iya sayen 'yar kwalba, kamfanin kuwa ya bunƙasa cikin 'yan shekaru. A 2001 ma shugaban kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder, wato Leonard Lauder, ya ce ya lura cinikin janbaki kan ƙaru idan tattalin arziki ya ja baya. Masana tattalin arziki da suka bi lissafin daga baya sun ga abin ba kullum yake faruwa haka ba. Sai dai duk mai koli ya san cewa ranar da aka kasa sayen turmin zane, ba a rasa mai tambayar kwalli.

A nan sai a yi hattara da abu guda. Jan farce yana rage zafin yini, amma ba ya maganin ciwon damuwa. Wadda ta yi mako biyu ko fiye ba ta barci, ba ta son abinci, komai ya fita ranta, ko take jin rayuwar ma ta ishe ta, wannan ta wuce maganar kwalliya. Ta faɗa wa wanda ta amince da shi, a raka ta asibiti.

Me ke cikin kwalbar?

Jan farce fenti ne, kuma danginsa na kusa shi ne fentin mota. Kamfanin Cutex na Amurka ya fara sayar da na ruwa tun 1917, amma irin wanda muka sani yau ya kankama ne a shekarun 1920, lokacin da aka samo fentin mota mai saurin bushewa. Ginshiƙinsa wani sinadari ne da ake kira naitiroselulos, wanda ake samu idan an sarrafa auduga ko niƙaƙƙen itace da ruwan asid. Ana narka shi a cikin wani ruwa mai saurin tashi a iska, a zuba launi, a ƙara abin da zai sa ya manne da wanda zai hana shi tsagewa. Idan kin shafa, ruwan nan ne ke tashi, shi ne warin da kike ji, sai ya bar siririyar fata mai sheƙi a kan farce.

Wannan bayani kaɗai ya isa ya koya mana yadda za a bi da shi. Tunda ruwan tashi yake, kwalbar da aka bari a buɗe ko a rana daskarewa za ta yi. Tunda yana kama wuta, shi da ruwan goge shi, ba a shafa shi kusa da murhu, risho, gas, kyandir ko garwashin turaren wuta. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi hatsari a ɗakunanmu, domin kwalliya da turaren wuta tare suke tafiya. Tunda warinsa na sa ciwon kai, a shafa a tsakar gida ko kusa da taga, ba a ƙuryar ɗaki da jariri a cinya ba.

Akwai sinadarai uku da aka daɗe ana ƙorafi a kansu: toluwin, fomaldihaid, da wani da ake taƙaita sunansa da DBP. Tarayyar Turai ta hana sa DBP a kayan kwalliya, kuma manyan kamfanoni da yawa sun cire duka ukun. Wadda ke shafawa jefi-jefi ba ita ce a gaban hatsarin ba. Masu aikin gyaran farce da ke shaƙar warin daga safe zuwa dare su ne ya kamata su fi kula da iska a shagonsu.

Matsalar na araha ita ce sau da yawa ba a san wanda ya yi shi ba. Nan ne karatunku zai yi aiki. A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar abinci da magani da kayan kwalliya. Ki juya kwalbar ki nemi sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi da lambar rajista. Haruffan MFG na nufin ranar da aka yi kayan, EXP ranar da zai lalace. Wani lokaci za ki ga hoton ɗan gwangwani a buɗe da 12M ko 24M a jikinsa, ma'ana wata 12 ko 24 bayan an buɗe. Haruffan ml kuma awon ruwan ne. Yawancin kwalabe daga 5 ne zuwa 15. Kwalbar da ba ta da ko suna, ko wadda launinta ya rabu gida biyu ya ƙi haɗuwa, a bar wa mai ita.

Shafawa

Ba sai an tsawaita ba, yawancinku kun iya. A wanke hannu a bar shi ya bushe sarai, domin fenti ba ya kama maiƙo. A murza kwalbar tsakanin tafuka maimakon girgizawa, girgiza na sa kumfa. A shafa siriri sau biyu, a bar na farko ya sha iska kafin na biyu. Mai kauri sau ɗaya shi ne ke kwaɓewa. Samansa kan bushe cikin minti goma zuwa sha biyar, amma cikinsa na ɗaukar awoyi kafin ya yi tauri, shi ya sa wadda ta shafa ta kwanta take tashi da zanen zanin gado a farce. In ya daskare a kwalba, kada a zuba masa fetur ko kananzir.

Gogewa ita ce inda aka fi yin ɓarna. Kankarewa da reza ko da haƙori na tafiya da saman farcen, ya bar shi da fari-fari yana ɓarewa. A jiƙa auduga da ruwan gogewa, a ɗora a kan farce na ɗan lokaci, sannan a share. Yawancin ruwan nan asiton ne, yana busar da fata, don haka a wanke hannu a bi da man kaɗanya ko basilin, musamman da hunturu. Kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha, kuma a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Jan da ya yi duhu sosai kan bar farce da ɗorawa-ɗorawa in ya daɗe. Wannan rini ne kawai, yana fita da kansa.

Alwala, da dalilin da lalle bai tsufa ba

Yayar nan ta cikin karatu da ta tambayi batun sallah ba ta yi tambayar banza ba. Wanke hannu zuwa gwiwar hannu farilla ne a alwala, haka ma wanke ƙafa zuwa idon sawu, kuma a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa har da cuɗawa. Farce yana cikin abin da dole ruwa ya taɓa. Jan farce kuwa, kamar yadda muka gani, fata yake yi a kan farce, ruwa ba ya ratsa ta. Saboda haka malamai suka ce alwala da wankan tsarki ba sa inganta sai an cire shi. Wadda ta shafa bayan ta yi alwala za ta iya sallah da wannan alwalar, amma da zarar ta karye sai ta goge kafin ta sake wata. A aikace, wannan ya sa mata Musulmi da yawa ba sa shafawa sai lokacin al'ada ko jego. Wasu kuma ko a lokacin ba sa so, don kunyar kada hannunsu ya yi musu shelar abin da ba su faɗa ba. Wannan ma dalili ne mai kyau, ba a yi wa mai shi dariya. 'Yan'uwanmu Kirista da ke ajin nan ba su da wannan takurar, amma sanin ta zai amfane su, musamman masu sana'ar kwalliya da ke da abokan ciniki Musulmi.

Akwai irin da wasu kamfanoni ke sayarwa da cewa iska da danshi na ratsa shi. Malamai ba su haɗu a kan ya wadatar ba, domin ratsawar tururi daban, wankewa da ruwa daban. Yana kuma da tsada. Wadda ke son sa ta fara tambayar malamin da take yarda da shi.

Lalle bai da wannan matsalar, kuma dalilin yana da daɗin sani. Farce an gina shi ne da wani abu da ake kira keratin, irin wanda ke cikin gashi. A ganyen lalle akwai sinadarin rini da ke shiga cikin keratin ɗin ya kama shi. Idan aka wanke ƙunshi, ba abin da ya rage a sama sai launi, ruwa na taɓa farce yadda ya saba. Shi ya sa kakanninmu suka yi ta ƙunshi suna sallarsu, hannu a cikin zunguru, ƙafa a naɗe da ganye da tsumma, tun kafin a san leda da salatif. Al'adar ta girmi kakannin ma: an samu alamar lalle a jikin wasu gawarwakin tsohuwar Masar.

A fata lalle kan koɗe cikin mako biyu zuwa uku, saboda fata na saɓulewa a hankali. A farce kuwa ba ya fita, sai dai farcen ya tsiro ya ture shi. Farcen hannu na tsawo kamar milimita 3 a wata, yana ɗaukar kusan wata shida kafin ya sabunta gaba ɗaya. Na ƙafa kan kai shekara ko fiye. Don haka mai jan farce na iya sauya launi gobe, mai lalle kuwa ta yi alkawarin watanni. Kowanne da ranarsa. Ga mai sallah biyar da ke son hannunta ya kasance da ado kullum, lalle ya fi, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba, tunda a gidaje da yawa itacensa na nan a bayan ɗaki.

Wanda ya kamata a ji tsoronsa shi ne baƙin ƙunshin da ake kira dayis. Lalle na gaskiya ja yake yi ko ruwan goro, ba ya yin baƙi ƙirin cikin minti talatin. Abin da ke ba dayis baƙinsa sau da yawa sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD, wanda ba a yi shi don a ɗora a fata ba. Wasu na sha lafiya, wasu kuma hannu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, zanen furen ya zama tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ƙin yana nan har abada, kuma ko rinin gashi ta shafa daga baya zai iya tashi. An sha ganin amaren da suka yi zaman biki hannu a naɗe da bandeji. Garin neman gira kada a rasa ido. In ƙaiƙayi ko zafi ya fara, a wanke nan take, a tafi asibiti in ya kumbura, kuma kada a yi wa ƙananan yara shi sam.

Lokutan da ake barin farce fari

Mai ciki da watanta ya tsaya, da wadda za a yi wa tiyata, su je asibiti ba jan farce. Ma'aikatan lafiya kan maƙala wata 'yar na'ura a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, kuma fenti mai duhu na iya rikita awon. Suna kuma duban launin farce da tafin hannu da cikin ido don gane ƙarancin jini.

Mai sayar da abinci, mai dama fura, mai cuɗa ƙullin ƙosai da hannu, ita ma ta haƙura da shi a ranakun aiki. Fentin da ya fara ɓantarewa na faɗawa cikin abinci, datti kuma na ɓuya a ƙarƙashin dogon farce mai launi ba a gani. Yanke farce dai yana cikin tsaftar da addinin Musulunci ya kwaɗaitar, har aka iyakance kada a bar shi ya wuce kwana arba'in. Sai dai kowa ya mallaki abin yankansa. Reza ko almakashin da ya yanki wani ya fitar da jini na iya ɗauko cutar hanta nau'in B, don haka in za a miƙa hannu ga masu yawon yankan farce, a ba su sabuwar reza.

Lissafi

Farashin da ke ƙasa misali ne kawai. Malama ta tambayi ajin farashin yau a kasuwarku, a sake yin lissafin da shi.

1. An sayi kwalba a kan naira 500. Ta isa shafawa sau 20. Nawa kowace shafawa ta tashi?

2. Wata kwalba mai ml 5 naira 400 ce, wata mai ml 10 naira 700. Wacce ta fi araha a kowane ml? In mai saye sau ɗaya take shafawa a wata, kuma kwalba kan daskare kafin ta ƙare, wacce za ki ba ta shawara ta saya?

3. Mai kitso tana ajiye naira 50 kullum. Kwana nawa za ta yi kafin ta sayi jan farce na 500 da ruwan gogewa na 600?

4. Farce na tsawo milimita 3 a wata. An yi ƙunshi ranar Ƙaramar Sallah. Yau farin da ya tsiro a gindin farcen ya kai milimita 6. Wata nawa ke nan? Wace Sallah ce ta kusa?

Tattaunawa da rubutu

Me ya sa yayar ta sauya magana a ƙarshen karatun? Da kuɗin cefane ƙanwar ta ɗauka, me za ku ce mata? A bar kowa ta faɗi ra'ayinta, ko da ya saɓa wa na littafin.

A koma kan allo. Kowace ɗaliba ta kwafi abubuwa biyar daga ciki a littafinta. Ta ja layi a ƙarƙashin wanda take da ikon gyarawa, ta sa gicciye a gaban wanda ba ta da iko a kansa. Sannan ta rubuta jimla uku a kan wani abu mai araha da ke faranta mata rai, da nawa yake ci mata a wata.

Aikin gida: ki zo da kwalba ko kwalin wani kayan kwalliya daga ɗakinki, ko hoda ce ko man shafawa. Ki kwafo sunan kamfanin, ƙasar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa. In kin duba ba ki ga ko ɗaya ba, ki rubuta "babu", ki kawo shi aji mu duba tare.